Daga Ohayo Zuwa Yellowstone da Ɗakinmu a Bayan Mota

Mu shida ne a gidana: ni, da uwargida, da yara huɗu. Duk wanda ya taɓa neman masauki a Amurka da iyali irin wannan ya san lissafin. Yawancin ɗakunan otal mutum huɗu suke ɗauka, to ɗaki biyu ke nan kowane dare, ga kuɗin abinci a hanya, abincin ma ba kowanne ne ya halatta mu ci ba. Shi ya sa muka daɗe a birnin Kolombus na jihar Ohayo, amma abin da muka sani na ƙasar bai wuce wurin aiki, makaranta, masallaci, shagon kayan miya da filin jirgin sama ba. Ɗan abin da aka tara, tikitin zuwa gida yake tafiya, ko a aika wa 'yan'uwa, kuma ba na nadamar ko sisi daga ciki. Amma abin ya tsaya min a rai ranar da na ga 'yata ta biyu tana zana taswira don aikin makaranta, tana jero tsaunuka da kogunan ƙasar da aka haife ta, alhali ba ta taɓa sa su a ido ba.

Wani abokin aikina, Bature da ya tashi da kwanan daji tun yana yaro, shi ya fara kawo min maganar 'yar tirela mai naɗewa. Idan a naɗe take, akwati ce kawai a kan tayoyi biyu, tsawonta mita uku zuwa uku da rabi, tsayinta bai wuce ƙirjin mutum ba, ana ɗaura ta a bayan motar gida a ja. In an isa zango sai a ɓalle maɗauran kusurwa huɗu, a sa hannun juyawa a yi ta murzawa, rufin ya riƙa tashi a kan sanduna huɗu har ya wuce kai. Sai a jawo gado ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya, a tokare su da ƙarafa daga ƙasa, a miƙe tamfol a kansu, a kafa ƙofa. Abin da ya iso a matsayin akwati ya zama ɗaki mai tsawon mita shida zuwa bakwai, da teburin cin abinci da ke komawa gado na uku da dare, da murhun gas, da wurin wanke-wanke, da ɗan ƙaramin firji. Irin tamu ba ta da banɗaki, na zango ake shiga.

Sabuwa ta fi ƙarfin aljihuna, don haka ta hannu na nema. A nan ne ake buƙatar haƙuri, domin a hoto duk masu kyau ne. Babban abokin gabar wannan kaya ruwa ne. Ƙasanta katako ne, cikin rufin mafi yawansu ma katako ne da aka lulluɓe, kuma da zarar ruwa ya sami hanya ta wajen kusa ko gefen da gam ya tsage, a ɓoye yake cin ta shekara da shekaru. Na ga wadda fentinta ke walƙiya, amma da na taka kusa da ƙofa sai ƙasan ya lotsa ƙarƙashin ƙafata. Na ga wadda tun kafin a gama ɗaga rufin warin fumfuna ya cika wurin, alamar an naɗe tamfol ɗin a jiƙe an bar shi. Irin waɗannan ko kyauta aka ba ka, aiki aka ba ka.

Wadda muka saya a hannun wani dattijo take, tsohon ma'aikacin masana'anta da ya yi ritaya, a wani ƙauye da ke tsakiyar gonakin masara. A cikin gareji ya ajiye ta duk tsawon zamanta a wurinsa, wannan kuwa shi ne rabin ƙimarta. Bai bar ni na tsaya kallo ba, hannun juyawar ya miƙo min ya ce in ɗaga da kaina. Ya ce in kasa kunne: in na ji ƙara ko na ga kusurwa ɗaya ta riga sauran tashi, to igiyar ƙarfen da ke ƙasa ta fara saki. Rufin ya tashi daidai wa daida. Na kwanta a ƙasa da tocila da sukudireba ina tsokanar katakon kusurwa-kusurwa, ko'ina ya amsa da tauri. Uwargida kuma ta shiga ciki tana jan kowane zif, tana ɗaga katifu tana sansanawa, tana duba gidan sauron tagogi. Ta leƙo ta ce, "Malam, akwai ɗan faci a nan, amma ɗinkin mai kyau ne." Dattijon ya ce matarsa ce ta ɗinke shi da hannu, shekarar da reshe ya faɗo musu a wani zango. Ta rasu, shi kuma gwiwoyinsa sun daina yarda da durƙuso, shi ya sa zai sayar. Muka yi ciniki ba tare da ja-in-ja ba, a kan kuɗin da bai kai tikitin mu shida na zuwa gida sau ɗaya ba. Da za mu tafi ya dafa rufin ya ce kada mu taɓa naɗe ta a jiƙe mu manta da ita.

Kuɗin saye ba shi ne ƙarshen kashewa ba, gara mai niyya ya sani tun wuri. Tayoyinta suna da zane kamar sababbi, amma tayar tirela tsufa ke kashe ta, ba tafiya ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, na duba na ga sun kwana biyu, na canza su har da sifiya. Bakanike ya kwance boris ɗin tayoyin ya wanke ya cika da sabon giris, domin in ya bushe a kan babbar hanya sai ya yi zafi ya cinye. Aka sa wa motarmu ƙugiyar ja da wayar fitilu da na'urar da ke kama birkin tirelar in na taka nawa. Sai rajista da lamba. Motar iyali irin tamu, takardarta ta ce za ta ja fam 3,500, kusan kilo 1,590, amma wannan adadi raguwa yake yi da kowane mutum da kowace jaka da aka zuba a cikin motar. Saboda haka na loda komai yadda za mu yi tafiya, na kai ma'aunin manyan motoci na auna. Ƙa'idar da masu ja suka sani ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya kwanta a kan ƙugiya. In kaya suka yi yawa a bayanta, da an ɗan yi gudu sai ta fara kaɗa wutsiya, ta ja motar da ita.

Ribas kuwa sai da na koya daga farko. Bayan sallar la'asar, in filin ajiye motocin masallaci ya yi fili, sai mu je da babban ɗana, ya jera robobin ruwa ni kuma in yi ta ƙoƙarin shigar da ita tsakaninsu. Gajeruwar tirela ta fi doguwa saurin karkacewa. Dabarar da ta yi min aiki ita ce in riƙe sitiyari ta ƙasa, duk inda nake so bayanta ya nufa, nan hannuna zai nufa, a hankali.

Da aka yi hutun makaranta na bazara muka kama hanya. Hanya mai lamba 33 ta fita daga Kolombus ta ɗauke mu har garin Elkhart a arewacin Indiyana, kuma da gangan na bi ta nan. Mafi yawan motoci da tirelolin kwana da ake yi a Amurka daga wannan yanki suke fitowa. Tun kafin ka shiga gari za ka ga filaye cike da fararen tireloli a jere suna jiran masu saye. A ƙauyen Middlebury da ke kusa ne Lloyd Bontrager ya kafa kamfanin Jayco a 1968, da irin wannan 'yar tirela mai naɗewa ya fara, da dabarar ɗaga rufi da ya ƙirƙiro. A 2016 kamfanin Thor ya saye shi a kan dala miliyan 576. Abin da ya fi ɗaukar hankalin yara shi ne mutanen Amish na yankin, wasu Kiristoci masu guje wa yawancin kayan zamani, masu keken doki da dogon gemu, matansu a rufe da doguwar riga da ɗankwali, suna tafiya a gefen titin da ake jan gidajen ƙarfe a kai. Da yawansu ma a waɗannan masana'antu suke aiki.

Shikago mun ratsa ta da sassafe don gudun cunkoso, kuma kuɗin hanya ya ƙaru saboda ana lissafa ƙafar tirela. Daga nan babbar hanya mai lamba 90 ce, wadda ta fi kowace tsawo a ƙasar, daga Boston har Siyatil. Muka ƙetare kogin Misisifi a La Crosse, 'yata ta manne da taga tana faɗin sunansa da ƙarfi. Kudancin Minesota masara ce da waken suya da dogayen fankokin lantarki har iyakar gani. A Dakota ta Kudu doka ta yarda a yi gudun mil 80 a awa, amma ni ban wuce 65 ba, domin yawancin tayoyin ƙananan tireloli iyakarsu ke nan. Manyan motoci suka yi ta wuce mu, kowacce sai ta ture mu da iskarta, in ji sitiyari ya ɗan motsa a hannuna ya dawo. A nan na gode wa gajartar tirelar: iska ba ta da inda za ta kama ta sosai, ina ganin bayana ta madubin tsakiya, man da muke sha kuma ya ƙaru amma bai ninka ba.

Da muka ƙetare kogin Mizuri a Chamberlain sai ƙasa ta canza. Gonaki suka ƙare, ciyawa ta ɗauka, ba itace ba gida. Can sai ga Badlands, tsaunukan ƙasa da ruwa da iska suka zaizaye, layi-layi na fari da ja da ruwan ƙasa, ba ko ganye a jikinsu. Muka sauka a zangon Cedar Pass, fili fetal ba inuwa. Zuwa lokacin kowa ya san aikinsa. Ni ne mai daidaita ta, in sa katako ƙarƙashin tayar da ta yi ƙasa, in tokare tayoyi, in kwance ƙugiya. Babban ɗana shi ke murza rufi. 'Yan matan biyu su ja gadaje su ɗaura tamfol, autanmu ya riƙe tocila ko ya miƙo ƙarafa, uwargida ta kafa kicin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ban taɓa ganin yarana sun yi aiki tare da irin wannan natsuwa a gida ba. Cikin abin da bai kai rabin awa ba ɗaki ya tsaya.

A daren nan ne muka san me ake nufi da bangon tamfol. Wajen ƙarfe ɗayan dare iska ta taso daga yamma, walƙiya ta riƙa haska cikin ɗakin gaba ɗaya, har kana ganin fuskar kowa. Tamfol ɗin ya riƙa kumbura yana lotsawa, gadon da muke kai yana rawa. Na fita na naɗe rumfar gaba kafin iska ta ɗauke ta, na dawo a jiƙe. Da tsawa ta matso kusa muka kwashi yara muka koma mota, domin tamfol ba ya kare mutum daga aradu, jikin mota kuwa yana yi. Muka zauna muna ta salati muna kallon ɗakinmu yana jijjiga a hasken walƙiya. Autan ya ce, "Abba, zai tashi sama?" Na ce masa in sha Allahu ba zai tashi ba, ya fi mu nauyi. Da hadarin ya wuce muka koma, muka tarar ruwa bai shiga ba sai ɗan ɗigo a inda matashin kai ya jingina da tamfol. Da safe muka jira rana ta busar da shi sarai kafin mu naɗe, wannan jira ya ci mana rabin yini. Mai irin wannan tirela ba shi ke yanka wa kansa lokacin tashi ba, sama ce ke yanka masa.

A tsaunukan Black Hills muka ajiye ta a zango muka shiga yawo da mota kawai, kuma dole ne, domin hanyar Needles tana da ramukan dutse da mota ɗaya ke wucewa da ƙyar. Mun je Dutsen Rushmore, inda aka sassaƙa fuskokin shugabanni huɗu, Washington da Jefferson da Theodore Roosevelt da Lincoln, tsakanin 1927 da 1941. Aiki ne babba. Amma na zaunar da yara na faɗa musu ɗaya ɓangaren. Waɗannan tsaunuka wuri ne mai tsarki ga 'yan asalin ƙasar, mutanen Lakota, kuma yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta tabbatar musu da su. Da aka gano zinariya a 1874 sai gwamnati ta ƙwace wurin a 1877. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa an ƙwace ba bisa ƙa'ida ba, aka ware diyyar da ta haura dala miliyan 100. Sun ƙi karɓa har yau, sun ce ƙasarsu ba ta sayarwa ba ce, duk da cewa wasu yankunansu na cikin mafi talauci a Amurka. Ina ganin girman mutanen da za su iya wannan, kuma ina so 'ya'yana su san a kan ƙasar wa suke tsaye.

Hawan da ya fi ba ni tsoro shi ne tsaunukan Bighorn a jihar Wayomin. Na tambayi masu jan tirela, duk suka ce in bi hanya mai lamba 16 daga garin Buffalo, ta fi sauran sauƙi. Duk da haka ƙololuwarta ta kai ƙafa 9,666, kusan mita 2,950. Hawa mota ce ke wahala, idona na kan allurar zafi. Sauka kuwa direba ne ke wahala, domin nauyin da ke baya yana tura ka. Na sa ƙaramar giya na bar inji ya riƙe mu, birki kuma in taka da ƙarfi in saki, ba in ɗora ƙafa a kai har ya yi zafi ba. A kwazazzabon Ten Sleep na tsaya a gefe na kai hannu kusa da cibiyar tayoyin tirela, na ji ɗumi ne kawai. Uwargida ba ta ce uffan ba duk tsawon saukar, carbi ne a hannunta. Da muka isa ƙasa ta ce, "Sannu, Malam. Allah Ya saka da alheri."

Daga garin Cody muka shiga Yellowstone ta ƙofar gabas. Shi ne gandun dajin ƙasa na farko a Amurka, an kafa shi ranar 1 ga Maris 1872, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 9,000. Wuri a zangonninsa sai an kama tun watanni kafin bazara. Kuma ga abin da mai tirelar tamfol ya kamata ya sani: zangon Fishing Bridge, wanda shi kaɗai ne ke da lantarki da ruwa a kowane wuri, ba ya karɓar irin tamu, sai masu bangon ƙarfe ko katako, saboda yankin beyar ne, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata. Dokar tana da dalili. A watan Yulin 2010, a zangon Soda Butte da ke wajen gandun ta arewa maso gabas, wata beyar ta faɗa wa tantuna cikin dare ta kashe mutum ɗaya ta raunata biyu. Mu a Bridge Bay muka sauka, kusa da babban tafkin, a tsayin da ya kai kusan mita 2,400.

Dokar abinci a nan ba wasa. Duk abin da ke da ƙamshi, daga tukunya da cokali har man goge baki da sabulu, in ba amfani ake da shi ba sai a kulle shi a mota ko a akwatin ƙarfe mai makulli na musamman da ake girkawa a zango. Ma'aikaciyar gandun ta zagayo da yamma ta yi mana bayani da fara'a, ta ce hancin beyar ya fi na kare nesa ba kusa ba. Mu kuwa da daddawa muka zo, da busasshen kifi, da yaji, da manja, da kilishin da wani ɗan Nijar ke yi a garinmu. Uwargida ta yanke hukunci nan take: ba girki a cikin ɗaki, ba cin ko biskit a kan gado. Murhu ya koma kan teburin waje. Kowane dare bayan cin abinci sai a wanke komai, a kai ruwan wanke-wanke inda aka tanada, a goge tebur, a laluba aljihun yara, kayan da aka yi girki da su ma a cire a sa a mota. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma ita ta fi kowa ɗaukar nauyinsa, shi ya sa wanke-wanke ya dawo kaina da babban ɗana. Shinkafa da wake kuma sai ta ƙi nuna a kan lokaci. A wannan tsayi ruwa yana tafasa tun yana wajen digiri 92 a ma'aunin Celsius, don haka wake sai an jiƙa shi tun dare, an kuma ƙara masa wuta da haƙuri.

Sanyi ma ya gwada mu. Tsakiyar bazara ce, da rana riga ɗaya ta isa, amma kafin asuba sanyi yakan sauka kusa da daskarar da ruwa. Tirelar tana da na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da gas, sai dai fankarta batir take ci, a zangon da ba lantarki kuwa dare ɗaya ko biyu sun isa su tsotse shi. Muka riƙa kunna ta kafin barci da lokacin tashi kawai, sauran dare bargo biyu-biyu da hula da safa. Numfashin mutum shida yana taruwa a jikin tamfol ya zama raɓa, sai an bar taga ɗaya a ɗan buɗe duk da sanyin. Magariba ba ta yi sai wajen ƙarfe 9, asuba kuma ta yi saurin zuwa. Ina fita in ɗora buta a murhu don ruwan alwala, tururi na fita daga bakina. Alƙibla daga can arewa maso gabas take. Mukan shimfiɗa tabarma a gefen tirela mu yi jam'i, muna ƙasaru. Maƙwabtanmu, wasu tsofaffi mata da miji daga Teksas masu ƙatuwar mota da ta kai bas, sun gan mu. Washegari mijin ya zo da faifan sola ya ce in jona wa batirina har mu tashi, ya kuma tambaya ko akwai lokacin da hayaniyar janaretonsa ke damun sallarmu. Uwargida ta aika musu da dafa-duka, matar ta dawo da kwanon tana neman a rubuta mata yadda ake yi.

Abin da wannan bangon tamfol ke hana ka na jin daɗi, yana biyan ka ta wani wajen. Maƙwabtan namu in sun rufe ƙofa sun koma falo, da talabijin da komai. Mu kuwa a kwance muna jin iska a cikin itatuwa, muna jin takun manyan barewa da ke ratsa zangon, in ka zuge zif ta ɓangarori uku kana kan gado sama ce da taurari. Ruwan sama a kan tamfol ya tuna min da kwana a rumfar gona lokacin damina, abin da ban zaci zan sake ji a wannan ƙasa ba.

Da rana muna yawo. Maɓuɓɓugar Old Faithful tana feso tafasasshen ruwa sama kusan duk bayan awa ɗaya da rabi, tsayin mita 30 zuwa 55, jama'a ɗaruruwa a zaune suna jira. Magangarar ruwa da ake kira Lower Falls a kogin Yellowstone tana faɗowa daga tsayin mita 94 cikin kwazazzabo mai ruwan ɗorawa. Amma kwarin Hayden ne ya fi zama a zuciyata. Garken bauna ya tare hanya, motoci suka tsaya cak, wani ƙaton namiji ya wuce dab da tagarmu, muna jin hucinsa, gashin hunturu na zuba daga kafaɗarsa. Irinsa yakan kai kilo 900. Doka ta ce a bar tazarar mita 23 tsakaninka da bauna in kana ƙasa, beyar da kyarkeci kuwa mita 91, kuma kusan kowace shekara sai bauna ta soki wanda ya raina wannan doka don ɗaukar hoto. Dabbobin nan sun taɓa kai miliyoyi masu yawa a nahiyar, aka karkashe su a ƙarni na 19, har a 1902 waɗanda suka rage a wannan daji ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Yanzu dubbai ne. 'Yata mai taswira ba ta ɗauki hoto ba, littafinta ta buɗe tana zana shi da sauri kafin ya wuce.

Dawowa ta fi zuwa gajiya, tafiyar ta haura kilomita 2,500 kowane ɓangare, kuma a zangon ƙarshe ruwa ya kama mu muka naɗe a jiƙe ba yadda muka iya. Muna isa gida, kafin a sauke jaka, muka ɗaga ta a ƙofar gareji ta sha rana har ta bushe ƙarau. Kafin hunturu akwai wani aikin: a zubar da duk ruwan da ke cikin bututunta a zuba maganin hana daskarewa, a cire batir a shigar da shi gida, a share ko ƙwayar shinkafa ɗaya, a toshe kowace kafa da ɓera zai bi, domin ɓera ɗaya ya isa ya mayar da tamfol rariya kafin bazara. Gam ɗin rufi ma duk shekara sai an bi shi da ido an ƙara inda ya tsage. Motata ce yanzu ke kwana a waje cikin dusar ƙanƙara, tirelar na cikin gareji.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, wani ɗan'uwa Bahaushen Kumasi, mai 'ya'ya biyar, ya tare ni a ƙofar masallaci, yaransa sun ga hotuna a wayar ɗana sun hana shi sakat. Ya ce, "Alhaji, ko za a ba mu aronta mu gwada?" Na ce masa ya fara duba takardar motarsa ya ga nauyin da za ta iya ja, sannan ya zo filin masallaci bayan la'asar mu yi ribas. Tafiyarsa ta farko kuma ba nisa za a yi ba: Hocking Hills, awa ɗaya daga Kolombus, mu je tare da iyalan biyu, su kwana a tirela mu kuma mu kafa tanti a gefensu, ya ɗaga ya naɗe da hannunsa kafin ya sa kuɗinsa a tasa.